Samarin Nima da Tafiyar Waƙarsu Daga Hausa Zuwa Turanci

A watan Fabrairun 1999 wani saurayi ɗan tsibirin Puerto Rico mai suna Ricky Martin ya hau dandalin bikin Grammy a Los Angeles, ya rera waƙar da ya yi wa gasar cin kofin duniya ta 1998 da aka buga a Faransa. Kafin ya sauka, manyan mawaƙan Amurka da ke zauren sun miƙe tsaye suna tafi. Mutumin ba sabon shiga ba ne. Tun yana ɗan shekara 12 yake waƙa a ƙungiyar yara ta Menudo, kuma ya riga ya sayar da miliyoyin faya-fayai da Sifaniyanci. Amma a idon Amurkawa, a daren nan ya fara. A watan Mayu faifansa na farko na Turanci ya fito, ya hau kan gaba a jerin Billboard. Enrique Iglesias da Marc Anthony suka bi sawunsa a cikin shekarar. A Nuwamban 2001 Shakira, 'yar garin Barranquilla ta ƙasar Kolombiya, wadda mahaifinta ɗan asalin Labanan ne, ta fitar da faifan Laundry Service, bayan ta zauna ta koyi Turanci har ta iya tsara baiti da shi.

Wannan labari an sha ba da shi. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne namu. A daidai waɗannan shekaru, a unguwar Nima ta birnin Accra a Ghana, tafiyar 'yan mintoci a motar haya ta trotro daga Circle, wasu samari biyar suna fama da irin tambayar da ta tsaya wa Shakira, sai dai tasu ta fi tsauri. Ita harshe ɗaya za ta ajiye ta ɗauki ɗaya. Su kuwa da Hausa suke tashi su kwanta, kasuwar ƙasarsu da Twi take ciniki, duniyar waje kuma Turanci take so. Samarin nan su ne suka zama VIP. Tarihinsu ya isa a rubuta shi da Hausa, ko don a san abin da aka samu a tafiyar da abin da aka bari a baya.

Sai an san Nima kafin a gane su. Hausa ta shigo ƙasar da ake kira Ghana a yau tare da fataken goro, waɗanda ke tasowa daga Kano da Katsina da jakunansu su yi watanni a hanya kafin su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi, Kumasi da bakin teku. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934, ya kuma bar rubutattun waƙoƙi na Larabci da na Hausa da har yanzu masana ke nazari. Ke nan waƙa da Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Ta girmi ƙasar kanta. Turawan Ingila ma sun kawo nasu Hausawan, dakarun da suka yi musu yaƙin Asante a 1874, da yawansu kuma ba su koma gida ba. A Accra aka fara da Zongo na tsakiyar gari, sannan Malam Bako ya kafa Sabon Zongo a farkon ƙarni na 20. Nima ta zo daga baya. Malam Amadu Futa, Bafillace mai fataucin shanu, shi ya karɓi filin daga hannun masu ƙasa 'yan ƙabilar Ga a farkon shekarun 1930. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka kafa sansani kusa da filin jirgin sama, masu neman aikin kuku da wanki da leburanci suka yi ta kwararowa, unguwa ta cika ba tare da an yanka mata tituna ko magudanan ruwa ba.

Mutanen da suka cika ta ba Hausawa ba ne zalla, kuma a nan sirrin yake. Akwai Zabarmawa, Kotokoli, Mosi, Dagomba, Wangarawa, Fulani, Yarabawa, Frafra, ga kuma Ewe da Tonawa da suka zo neman ɗakin haya mai sauƙi. Kowa da harshen gidansu, amma a bakin famfo, a kasuwar Laraba, a makaranta wajen malam, a wajen mai koko da ƙosai da asuba, Hausa ake yi. Yaron da sunansa Joseph ko Emmanuel, in dai a Nima ko maƙwabciyarta Maamobi ya tashi, da Hausa zai yi faɗa, da ita zai yi zance. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta kafa a Nuwamban 1969 ta kwashe iyalai da yawa daga zanguna, ta bar tabon da tsofaffi ba su manta ba: ana yi wa ɗan zango kallon baƙo ko da kakansa a Accra aka binne shi. A bakin mutanen wasu unguwanni kuwa, sunan Nima ya daɗe yana tafiya tare da talauci da dabanci. Duk wanda zai fito daga nan ya ce shi mawaƙi ne, da wannan kaya a kansa zai fito.

Akwai wanda ya riga su gwada hanyar Turai. Alhaji Sidiku Buari ɗan tsere ne da ya wakilci Ghana a shekarun 1960 kafin ya tafi karatu Amurka. A can ya juya ga kiɗa, kamfanin RCA ya fitar masa da faifai a 1975, shi kuma ya sake fitar da Disco Soccer a 1979, inda ya haɗa gangunan gida da kiɗan disko na New York. Daga baya ya dawo ya shugabanci ƙungiyar mawaƙan Ghana, MUSIGA. Amma zamanin da ya dawo cikinsa ba na kiɗa ba ne. Bayan juyin mulkin Rawlings na ƙarshen 1981 an sa dokar hana fitar dare da ta wuce shekara biyu, gidajen rawa suka mutu, makaɗa suka watse zuwa Legas, Landan da Hamburg. Yaran da aka haifa a shekarun 1970 sun tashi ba su ga manyan ƙungiyoyin highlife irin na E.T. Mensah a kan dandali ba, waɗanda tun a shekarun 1950 suka ɗauko gangunan Kuba suka zuba a kiɗansu. Abin da yaran suka samu shi ne kaset ɗin rap na Amurka da 'yan uwa ke aikowa, da regen Jamaika. Suka haddace baitocin Turancin da rabinsa ba su fahimta ba, suna gasa da juna a lungu da filin makaranta.

Abin lura shi ne, a Ghana tsallakawar farko ta wancan zamani daga Turanci aka yi ta zuwa harshen gida. Reggie Rockstone, wanda aka haifa a Ingila, ya kuma yi rap da Turanci a wata ƙungiya a Landan, shi ya dawo Accra a tsakiyar shekarun 1990 ya fara ɗora Twi a kan kiɗan hip hop. Faifansa Makaa Maka ya fito a 1997, aka raɗa wa salon suna hiplife. Ya kuma zo a kan gaɓa, domin tsarin mulkin 1992 ya buɗe ƙofar gidajen rediyo masu zaman kansu, Joy FM ta fara aiki a 1995, wasu suka biyo baya, dukkansu suna neman abin da za su sa wa matasa. Saƙon da samarin Accra suka ɗauka a wajen Reggie shi ne: ba sai ka kwaikwayi ɗan Brooklyn ba, yi da bakin uwarka.

Samarin Nima suka ji wannan kira, suka amsa da nasu bakin. Musah Haruna, wanda aka fi sani da Friction, shi ya tara su: Abdul Hamid Ibrahim da ake kira Lazzy, Emmanuel Ababio wato Promzy, Joseph Nana Ofori wato Prodigal, da wani abokinsu Bone. Suka kira kansu Vision In Progress, a taƙaice VIP. Musulmi da Kirista a ƙungiya ɗaya, abin da a Nima ba ya ɗaga wa kowa gira. Sun fara ne a bukukuwan titi da gasannin rap, inda ba a biyan kowa sai dai a yi maka ihu ko a yi maka shiru. A 1998 faifansu na farko, Bibi Baa O, ya fito. Sunan faifan da Twi yake, amma waƙar da ta fi shiga zuciyar zango a cikinsa ita ce Rana Sallah.

Wanda bai taɓa yin Sallah a Nima ba zai yi wuya ya gane girman wannan. Bayan an sauko daga Idi, babban titin da ya ratsa unguwar yakan cika har mota ba ta iya motsi. Sarakunan ƙabilu na wucewa da lema da makaɗa, masu dawakai na sukuwa a ɗan filin da ya samu, 'yan mata sun yi anko ƙungiya-ƙungiya, samari kowace majalisa da rigarta iri ɗaya. Hayaƙin tsire ya haɗu da ƙamshin turare, an jibga manyan lasifikoki a bakin kwata, yara na bin manya da barka da Sallah. Shekara da shekaru abin da ke fita daga lasifikokin nan kiɗan wasu ne: na Jamaika, na Amurka, na Indiya, na Kwango. Sai ga ranar da abin da ke fita muryar yaron gidan su wane ce, da Hausar da aka yi cinikin rago da ita jiya, yana waƙar wannan rana da wannan titi. Ni a ganina ko da VIP ba su ƙara yin komai ba bayan wannan, sun riga sun biya unguwarsu wani bashi.

Amma waƙa sana'a ce, sana'a kuwa kasuwa take bi. A wancan zamani kasuwar kaset ce. A Circle da Kantamanto mai kaset na zaune da teburinsa na katako, ya jera kaya har sama, da rediyo mai cin batir a gefe. Direban trotro zai tsaya ya ce a sa masa sabuwa ya ji. In amshin ya kama shi cikin rabin minti ya saya, kuma duk fasinjan da ya ɗauka daga nan zuwa Kaneshie ko Madina sai ya ji ta, ko yana so ko ba ya so. In bai kama shi ba, mai kaset ya zare ya sa wata. Direban nan da fasinjojinsa, akasarinsu Twi suke ji. Ƙabilun Akan, masu harshen Twi, sun kusa rabin al'ummar Ghana, harshensu kuma ya zama na ciniki har a Accra da take ƙasar Ga. Musulmi kuwa wajen kashi ɗaya ne cikin biyar, kuma ba dukkansu ke jin Hausa ba, domin arewacin ƙasar na da Dagbani da sauran harsunanta. Mai zuba kuɗi a faifai ya san wannan lissafi sarai, mai gabatar da shiri a rediyo ma haka. Ga kuma matsala ta cikin gida: a zango akwai iyaye da malamai da yawa da ba sa ganin waƙar zamani a matsayin sana'ar ɗan mutunci, don haka ko kasuwar da take taka ba duka take hannunka ba.

Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Faifai na biyu, Ye De Aba, ya fito a 2000. Bayansa Friction ya fita ya kama gabansa, daga baya ya tafi Holan ya yi karatun kiɗa a makarantar Fontys da ke Tilburg. Bone ma ya bar tafiyar. Aka bar mutum uku, Lazzy, Promzy da Prodigal, kuma su ukun nan ne suka yi abin da ya canza tarihin hiplife. A 2003 suka fitar da Ahomka Womu. Waƙa ce ta Twi, an ɗora ta a kan tattausan kiɗan highlife mai jita irin na iyaye, ba dukan rap mai tsauri ba. Tsoho ya ji ta ya tuna ƙuruciyarsa, yaro ya ji ta ya ga tasa ce. Ta shiga bikin aure, ta shiga na suna, ta shiga wajen makoki, wanda a kudancin Ghana shi ma taro ne na kiɗa. A bikin Ghana Music Awards na 2004 aka ba VIP kambin gwarzon mawaƙin shekara. Yaran unguwar da ake toshe hanci in an ambace ta suka hau dandali a gaban ƙasa duka, suna kiran sunan Nima da ƙarfi. Kamfaninsu ma Boogie Down Nima suka sa masa, kwaikwayon kirarin da 'yan Bronx ke yi wa unguwarsu.

Wannan ita ce tsallakawa ta farko, kuma ita ce mai wuya. Ta biyu ta zo da kanta. Ahomka Womu ta ƙetare iyaka ta kama Legas, inda ba a jin Twi ko kaɗan, sai daɗin kiɗan kawai. Da Najeriya ta buɗe musu, sai hanyar magana da ita ta zama buroka, Turancin titi da Accra da Legas suka yi tarayya a kansa. A 2006 2Face Idibia ya sa su a waƙar My Love a faifansa Grass 2 Grace. Zuwa ƙarshen shekarun 2000 sunayen manyan waƙoƙinsu kansu sun koma Turanci: I Think I Like Am, sannan Away. A 2011 suka sake lashe kambin gwarzon shekara, shekara bakwai bayan na farko, abin da 'yan kaɗan ne suka taɓa yi a tarihin gasar. A tsakanin nan wani mai shirya fim daga Amurka, Eli Jacobs-Fantauzzi, wanda ke da tushe a Puerto Rico kuma ya riga ya yi fim kan rap na Kuba, ya bi su shekaru da kyamara ya fitar da HomeGrown: Hiplife in Ghana. Ɗalibai a jami'o'in Amurka suka ga lungunan Nima a allo.

Promzy ya fita a 2013. A shekarar da ta biyo baya Reggie Rockstone da kansa ya shigo, ƙungiya ta zama VVIP, Lazzy kuma ya koma amsa sunan Zeal. Mutumin da ya koya wa Ghana barin Turanci ya haɗu da waɗanda suka isa Turanci ta doguwar hanya. Suka yi Selfie, aka sake ta da muryar Idris Elba, ɗan wasan fim na Ingila wanda mahaifiyarsa 'yar Ghana ce, da Phyno na Najeriya. A 2017 Wizkid da Mut4y suka gina waƙar Manya a kan amon Ahomka Womu, yaran da ba a haifa ba ko suna goye a 2003 suka yi rawa da ita a Landan da Toronto.

To ina Hausa a duk wannan? Tana nan, ba ta ɓace ba. Za ka ji ta a baitin Zeal, za ka ji ta a kirari da gaisuwa, za ka gan ta a sunayen waƙoƙin VVIP irin su Dogo Yaro da suka yi da Samini da Alhaji da suka yi da Patoranking. Amma matsayinta ya zama na yaji a kan tsire: a barbaɗa don ɗanɗano, naman kuwa na wani ne. Haka babbar kasuwa ke yi wa kowa. Da Shakira ta shiga Turanci, an bar mata sarewar duwatsun Andes a waƙarta ta farko don a ji ƙamshin baƙunta. Da aka ba ta waƙar kofin duniya na 2010, shekarar da Ghana ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, amshin da duniya ta rera daga tsohuwar waƙar ƙungiyar Golden Sounds ta Kamaru aka ɗauko shi. Ana son a ji alamar inda ka fito, ba a son a sha wahalar fahimtarka.

Ba na cikin masu cewa VIP sun sayar da harshensu. Wanda ya tashi a gidan haya mai ɗaki goma da banɗaki ɗaya ba ya bukatar wani ya koya masa kishin unguwa daga kan kujera mai laushi. Kuma ba su juya wa gida baya ba: bikin Sallahfest da suke shiryawa a Nima lokacin Sallah ya sa manyan mawaƙan Ghana, waɗanda da ba za su tako unguwar da dare ba, suna zuwa su yi wasa a kan titi. Sun sa yaro ya daina ɓoye cewa shi ɗan zango ne in ya je neman aiki a unguwar Osu. Hanyar da suka share ce wasu suka bi. Mohammed Ismail Sherif, wato Black Sherif, wanda aka haifa a 2002 ya tashi a zangon Konongo, ya yi suna da Twi da buroka a 2021, ya yi Kwaku the Traveller da Turanci a 2022 ta hau kan gaba har a Najeriya, ya zama gwarzon shekara a Ghana a 2023, ya kuma karɓi kambin BET Hip Hop a shekarar. Abin da ya ɗauki VIP fiye da shekara goma, shi a cikin shekara biyu ya yi shi, saboda intanet ta ɗauke mai kaset da mai rediyo daga tsakani. Ya sa sunan zangonsu a kan waƙa guda a faifansa na farko, duniya ta ji.

Inda labarinmu ya rabu da na mutanen Latin shi ne abin da ya biyo bayan tsallakawar. Su sun tafi ne suna da gidan komawa. Masu Sifaniyanci a duniya sun kusa miliyan 500, a cikin Amurka kaɗai ƙidayar 2000 ta sami 'yan asalin Latin fiye da miliyan 35. Shakira ba ta taɓa sakin wannan kasuwa ba. A 2005 faifai biyu ta fitar, ɗaya da Sifaniyanci ɗaya da Turanci. Sannu a hankali lissafin ya juye. A 2017 Despacito ta Luis Fonsi da Daddy Yankee ta yi mako 16 a saman jerin Billboard, mafi yawanta da Sifaniyanci. A 2020 Bad Bunny, shi ma ɗan Puerto Rico, ya kai faifan da babu waƙar Turanci ko ɗaya a cikinsa matsayi na ɗaya a Amurka, karo na farko a tarihi. Abin da ya zama dole a kan Ricky Martin a 1999 ya zama zaɓi ga 'yan bayansa, domin mutanensu sun tsaya sun sayi nasu har kasuwa ta bi su.

Mawaƙin Nima ma yana da irin wannan gida, sai dai bai cika waiwayarsa ba. Masu jin Hausa miliyoyi ne masu yawa, daga Kano, Kaduna da Sakkwato zuwa Maraɗi, Damagaram da Yamai, har Kamaru, Cadi da Sudan. Babu wani harshe a Ghana da ya kama ƙafar wannan yawa. Kasuwa ce mai rai, mai taurarinta: Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Ali Jita, Naziru Sarkin Waƙa, Hamisu Breaker da Jarumarsa ta mamaye wayoyi a 2020, ga 'yan rap irin su ClassiQ da DJ AB. Tashar Arewa24 tun 2014 take watsa shirye-shirye da Hausa zalla. Kayan Kano kuwa sun daɗe da isowa zango. Matan Nima da Maamobi sun san Ali Nuhu kamar ɗan maƙwabta, waƙoƙin fim na tashi a gidan biki, tsofaffi ba sa wasa da labaran BBC Hausa. Amma hanyar ɗaya take tafiya. Da wuya ka ji waƙar ɗan Accra a shagon mai tura waƙoƙi a Farm Centre ta Kano.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Hausar Ghana ta yi nata rayuwar shekara fiye da ɗari: ba ta damu da rarrabe namiji da mace a jimla ba, ta kuma ari kalmomi daga Twi, Ga da Turanci. Bakano kan yi murmushi in ya ji ta, ɗan zango kuma ya san ana murmushin, sai ya ji nauyin buɗe baki. Kiɗan ma ya bambanta, domin kunnen Kano ya saba da salon fim mai ɗauke da tasirin Indiya, na Accra kuwa highlife da dancehall ya sha. Sannan masu kuɗin harkar a Accra idonsu na kan Legas da Landan, ba su san kowa a Kano ba, na Kano ma ba su san kowa a Accra ba. Akwai waɗanda suka dage da Hausa duk da haka, irin su D-Flex, kuma gidajen rediyo irin su Marhaba FM a Accra da Zuria FM a Kumasi suna ba harshen fili. Amma har yau ba a sami waƙar Hausa daga zango da ta yi wa arewacin Najeriya da Nijar abin da Ahomka Womu ta yi wa Legas ba.

Murmushin nan shi ya fi damuna, domin shi ne dalilin da ya fi sauƙin kawarwa kuma ya fi yin ɓarna. Turancin Shakira da lafazin Kolombiya yake fita, ba wanda ya hana ta dandali saboda haka. Burokar Legas da ake yi wa dariya a da, yau ita ake rerawa a manyan filayen wasa na Turai. Hausar Nima Hausa ce, ta jikokin mutanen da suka taka daga Kano zuwa Gwanja da ƙafa, suka riƙe harshen a tsakiyar wasu harsuna ba tare da makarantar gwamnati ta koya musu shi ba. Ba ta bukatar izinin kowa kafin ta hau waƙa.

Don haka kirana ga ɓangarori biyu ne. Masu shirya wasannin Sallah a Kano, Kaduna da Yamai, da masu zaɓen waƙoƙi a Arewa24 da gidajen rediyon arewa, ku nemi mawaƙan zangunan Ghana ku sa su, da Hausarsu yadda take, kada ku ce sai sun gyara. Ku kuma 'yan uwa matasa da ke haɗa kiɗa a ƙananan ɗakunan Nima, Maamobi, Sabon Zongo da Ashaiman, ba wanda ya ce ku bar Twi ko Turanci, ku ci kasuwarsu iyakar iyawarku. Amma a cikinku a samu wanda zai zauna ya yi faifai guda cikakke da Hausa tun daga farko har ƙarshe, ya nemi abokin waƙa a Kano ko Maraɗi, ya aika da shi arewa.